Daga Ambaliyar Albarka Zuwa Kacala: Tarihin Fadamar Haɗeja da Nguru

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu kafin shekarun 1970 ya san cewa kogi ne ke tsara mana shekara. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika su tumbatsa daga watan Agusta, ruwa ya malale fadama, kifi ya shiga ciyayi ya yi ƙwai. Idan ruwa ya janye, masunta su kama tarwaɗa da karfasa, manoma su girbe shinkafa su shuka wake a danshin da ya rage, Fulani kuma su sauko da shanu. A shekarun ruwa sosai, ambaliyar takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka karya wannan tsari. Na farko fari ne, wanda ya afka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974, ya sake dawowa a 1983 da 1984. Na biyu aikin hannun ɗan Adam ne: an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, domin noman rani da ruwan shan birnin Kano. A 1984 ambaliyar ba ta wuce kimanin murabba'in kilomita 300 ba.

A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar, inda masana na gida da na waje suka shiga auna ruwa, da ƙirga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, da lissafin abin da talaka ke samu. Binciken Edward Barbier da abokan aikinsa a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa kifi da noma da itacen girki, ruwan da ya isa fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan kwatankwacinsa da aka zuba a gonakin noman rani na Kogin Kano.

Sai dai babban darasin binciken shi ne, lokacin zuwan ruwa ya kai yawansa muhimmanci. A da, kogi yakan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da madatsu suka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Ruwan da ya kamata ya nufi Gashuwa ya karkata ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru: wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Ko da aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, kacala ba ta san da zaman takarda ba. Da ruwan sama mai ƙarfi ya dawo, kamar a 2012 da 2022, ya tarar da hanyoyinsa a cushe, ya faɗa wa garuruwa.

Masana sun daɗe da faɗin magani: a riƙa sakin ruwan madatsu da yawa a damina domin kwaikwayon ambaliyar asali, a rage shi da rani, a kuma yashe magudanai.

'Yan uwa mazauna birane, musamman mu da ke Kano, ruwan da muke sha daga wannan kogi yake. Mu ne muke kusa da ofisoshin da ake yanke shawarar buɗe madatsa da rufe ta, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Masuncin da ke fama da kacala ba shi da hanyar shiga can. Mu muna da ita, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.