Tsatson Hausawa Manoma a Kwarin Binuwai

Da yawa daga gidajen Hausawa manoma na kewayen Garwa, ba da fartanya kakanninsu suka iso ba. Fatake ne da malamai da marina, waɗanda suka biyo hanyar Yola bayan Modibbo Adama ya kafa ta a 1841. Ɗan falke ya sami fili ya kafa gandu. Jikokinsa suka rungumi auduga, musamman bayan kafuwar kamfanin Sodecoton a 1974.

Lissafin asalinsu ya bambanta da na maƙwabta. Bafulatani kan ambaci danginsa, Wolarɓe ko Yillaga. Bahaushe kuwa garin kakansa yake kira: Bakano, Bakatsine, Bazazzagi. Sunayen kakanni kan shuɗe bayan 'yan tsatso kaɗan, amma sunan garin yana nan, har a bakin jikan da Fulatanci ya fi Hausa zama a harshensa.