3.2 Haske da Yanayi a Zanen Daji: Daga Faransa zuwa Ƙasar Katsina

A wannan sashe za a duba yadda masu zane na Faransa suka ɗauki haske da yanayi, domin a auna hotunan ƙasar Hausa da Turawa suka buga a zamani guda.

Tun wajen 1800 Valenciennes ya shawarci ɗalibansa da su fita fili su yi zane, amma kada su wuce awa biyu a kan abu guda, in kuwa faɗuwar rana ce, rabin awa. Dalilinsa shi ne rana ba ta jiran mai zane. Inuwar hantsi daban take da ta azahar. Daga wajen 1830 Corot da Théodore Rousseau suka riƙa zane a dajin da ke kusa da ƙauyen Barbizon, Daubigny kuwa a 1857 ya mai da jirgin ruwa ɗakin aikinsa don ya bi hasken kogi. Duk wannan ya auku kafin baje kolin 1874 a Paris, inda su Monet suka fito da sabon salo.

To, a watan Maris na 1853 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Katsina zuwa Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda ke ƙaramar hukumar Safana a yau, sannan ya ratsa daji zuwa Zurmi. Sai dai hotuna masu launi da ke cikin littafinsa na 1857 zuwa 1858 ba shi ya kammala su ba. Wani Bajamushe ne, Bernatz, ya fitar da su daga zayyanar Barth, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ke nan siffar dutse da ganuwa ta wanda ya gani ce, launin sama kuwa na wanda aka bai wa labari.

A ganin mai wannan nazari, bambancin ba ƙarami ba ne. Duk ɗan Batsari ya san dutsen da ya fito tar bayan ruwan damina, shi ne hazon hunturu kan ɓoye har a kasa ganinsa daga bakin gari. Saboda haka a babi na huɗu za a kafa hujja da waɗannan hotuna a kan tsarin gine-gine kawai, batun yanayi kuwa za a koma ga rubutun Barth kansa.