Gidan Mambayya da Yadda Ake Tunawa da Shugaba

Amurkawa sun adana Mount Vernon, gidan shugabansu na farko, George Washington, kuma ƙungiyar mata ce ta ɗauki nauyin sayensa a 1858 da ta ga yana neman lalacewa. Mu ma a Gwammaja, cikin ƙaramar hukumar Dala, muna da namu: Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka kuma binne shi. Malam bai hau kujerar shugaban ƙasa ba, ya dai yi takara a jam'iyyar PRP a 1979. Duk da haka, gidan nan ya fi filin jirgin sama da asibitin koyarwa da ke ɗauke da sunansa faɗa mana ko shi wane ne. Wanda ya ga ƙanƙantar ɗakunan da Malam, jagoran jam'iyyar NEPU, ya rayu a ciki ba ya bukatar dogon bayani kan siyasar talakawa.

Wasu za su ce addini bai yarda da girmama kabari ba, kuma 'yan siyasa na fakewa da sunan Malam suna cin kasuwarsu. Maganar farko tana da nauyi, sai dai ba don neman tabarruki aka adana gidan ba: Jami'ar Bayero ce ke gudanar da shi a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ta biyun kuwa ita ce ma hujjar adana shi, don a riƙa auna masu iƙirarin gadonsa da abin da ya bari. Malaman makarantun Dala, ku kai ɗalibanku su gani.