Tarihin Binciken Harbin Ciyawar Urtika, 1665 zuwa 2020

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga daji da kaka har ya gogi kwanson karara, ya san cewa akwai tsirran da ba su da ƙaya ta a zo a gani, amma sun fi masu ƙayar iya tsare kansu. A ƙasashen Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka, tsiron da ya yi suna da wannan hali shi ne wanda masana ilmin tsirrai ke kira Urtica dioica, wanda za mu riƙa kira urtika a cikin wannan maƙala. Maƙasudinmu shi ne mu bi diddigin yadda masana suka fahimci harbin wannan ciyawa. Za mu nuna cewa an gane siffar allurarta tun shekarar 1665, kuma bayanin da aka yi a wancan lokaci yana nan daram har yanzu. Amma game da ruwan da ke cikin allurar, sai da aka shafe kusan shekara ɗari ana ta maimaita wani bayani wanda hujjarsa ba ta taka kara ta karya ba. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da muke son mahalarta wannan taro su duba tare da mu.

2.0 Siffofin tsiron

Urtika ciyawa ce mai daɗewa a ƙasa. Samanta kan bushe da hunturu, ta sake tohowa daga saiwoyi masu ruwan ɗorawa waɗanda ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, kamar dai yadda tofa take yi. Tsawonta yakan kai mita 1 zuwa 2. Karanta kusurwa huɗu gare shi, ganyayenta kuwa biyu-biyu suke fitowa, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa, gindinsa da faɗi, bakinsa da tsini, gefensa kamar haƙoran zarto. Furanninta ƙanana ne ainun, kore-kore, ba su da wani launi ko ƙamshi da zai jawo ƙwari, domin iska ce ke yi musu barbara. Furen namiji yana da 'yan sillaye 4 a lanƙwashe, idan suka nuna sai su miƙe farat ɗaya su watsa garinsu cikin iska. Har ila yau, namijin tsiron daban yake da macensa, kamar yadda muka sani ga dabino da giginya. Ciyawar tana son ƙasa mai taki, shi ya sa aka fi samunta a bakin garke da juji da kufai. Tana kuma da ƙanwa, watau Urtica urens, wadda ba ta kai ta tsawo ba, ba ta wuce shekara guda, kuma furen namiji da na mace duk a jikin tsiro ɗaya suke.

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne gashin da ke jikin ganye da kara. Iri biyu ne. Akwai gajere wanda ba ya cutar da kowa, akwai kuma dogo, mai tsawon kimanin milimita 1 zuwa 2, wanda shi ne ke harbi.

3.0 Sanin farko da raɗin suna

Ɗan Adam ya daɗe da sanin wannan ciyawa. A Lusehøj da ke ƙasar Denmak an tono wani ƙyalle mai kimanin shekara 2,800 wanda aka naɗe ƙasusuwan wani mamaci da shi, kuma binciken da aka buga a 2012 ya tabbatar cewa da zaren urtika aka saƙa shi, domin ɓawon karanta yana da zare kamar na rama. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (A.S.), likitan nan Bagirke, Dioscorides, ya ambace ta a cikin littafinsa na magunguna, daga baya kuma likitocin Larabawa suka san ta da sunan anjura. Sai dai hankalin waɗannan magabata ya fi karkata ga amfaninta wajen abinci da magani. Harbin kuwa, sun tsaya ga cewa ciyawar tana ƙuna. Sunan ma da kansa daga nan ya samo asali, domin a Latin kalmar urere tana nufin ƙonawa. Daga sunan ciyawar ne kuma likitoci suka ari sunan da suke kiran borin jini da shi, watau urticaria.

A shekarar 1753 Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya tabbatar mata da sunan Urtica dioica a cikin littafinsa Species Plantarum. Kalma ta biyun daga Girkanci take, ma'anarta gida biyu, saboda rabuwar namiji da mace da muka ambata. A 1789 kuma Bafaranshe Antoine-Laurent de Jussieu ya tsara dangin da ake kira Urticaceae a yau, wanda ya ƙunshi ire-iren tsirrai fiye da 2,000, ko da yake ba dukkansu ke harbi ba.

4.0 Abin da Hooke ya gani

Mutumin da ya fara bayyana yadda harbin ke aukuwa shi ne Robert Hooke na Ingila, a cikin littafinsa Micrographia wanda ya fito a 1665. Da ya duba ganyen da madubi mai ƙara girman abu, sai ya ga kowane gashi tamkar allura ce mai rami a ciki, tana zaune a kan wata 'yar jaka mai taushi. Bai tsaya a nan ba. Ya danna yatsansa a kan gashin yana kallo, ya ga ruwa yana motsi a cikin ramin allurar yayin da jakar ta matsu. Daga nan ya yanke cewa zafin daga wannan ruwa ne da ke shiga fata, ya kuma kwatanta abin da harbin zuma.

Masanan da suka biyo baya ƙari kawai suka yi a kan wannan. A 1886 Gottlieb Haberlandt, masani daga Ostiriya, ya yi cikakken bayanin ginin gashin. Abin da aka tabbatar shi ne, allurar ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, doguwa, gindinta a nutse cikin wani ɗan dandamali mai ƙwayoyin halitta da yawa. Bakinta yana da silika, watau sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, saboda haka yana da gautsi. A can ƙarshenta akwai ɗan ƙulli, wanda da an taɓa shi sai ya karye a karkace, ya bar tsini irin na allurar asibiti.

5.0 Tsamin tururuwa

A nan ne labari ya sha bamban. A shekarar 1671 John Ray ya ba da labarin wani ruwa mai tsami da aka samu ta hanyar dafa tururuwa a tara tururinta. Shi ne aka sani yau da asid ɗin fomik, daga formica, sunan tururuwa a Latin. A 1849 wani masanin haɗa sinadarai a Jamus, Eugen von Gorup-Besanez, ya ba da rahoton samun wannan asid a jikin urtika. Nan da nan zance ya karɓu. Tururuwa tana sa raɗaɗi, ciyawa tana sa raɗaɗi, ga shi kuma an sami abu guda a jikinsu, to me ya rage? Littattafan makaranta suka ɗauka, wannan ya kwafa daga wancan, har abin ya zama kamar ba shi da ja.

To, amma samun abu a jikin tsiro daban, tabbatar da cewa shi ne ke haddasa ciwo daban. Haberlandt da kansa ya yi shakkar wannan bayani tun 1886, sai dai muryarsa ba ta kai ta littattafan makaranta ƙarfi ba. Abin da masana suka tsaya a kai yanzu shi ne, asid ɗin yana nan, amma ya yi kaɗan ƙwarai a ce shi kaɗai ne ke kawo irin wannan zafi da kumburi.

Ya kamata mu yi wa mutanen ƙarni na 19 adalci. Ruwan da ke cikin gashi guda bai kai ɗigon da ido zai iya aunawa ba, kuma manyan sinadaran da ke cikinsa ba a ma san aikinsu a jiki ba a lokacin. Sai a 1910 Henry Dale da Patrick Laidlaw suka bayyana aikin histamin a jiki. Aikin asetilkolin, wanda ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, ya fito fili ne daga binciken Dale na 1914 da na Otto Loewi na 1921. Serotonin kuwa sai a 1948 aka ware shi. Ashe mutum ba ya neman abin da bai san sunansa ba.

6.0 Daga 1947 zuwa 2020

A 1947 Nils Emmelin da Wilhelm Feldberg, suna aiki a Kambirij, suka koma kan gashin kansa. Suka tara ruwansa daga Urtica urens, suka gwada shi a kan tsokokin dabbobi da aka keɓe a ɗakin gwaji, suka sami histamin da asetilkolin, tare da alamar wani abu na uku. A 1956 Collier da Chesher suka nuna cewa akwai serotonin a gashin Urtica dioica. Abin mamaki a nan shi ne, dukkan ukun sinadarai ne da jikinmu da kansa yake sarrafawa. Watau dai ciyawar da makaminmu take yaƙarmu.

Duk da haka da sauran rina a kaba, domin waɗannan sinadarai ba su daɗewa a fata, alhali raɗaɗin yakan kai sa'o'i. A 2006 wasu masana a Taiwan suka nuna cewa a jikin Urtica thunbergiana, asid ɗin oksalik da na tartarik su ne ke tsawaita zafin. A 2020 kuma masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka binciki itatuwan Dendrocnide, 'yan wannan dangi, waɗanda harbinsu kan yi makonni yana damun mutum. Suka gano wasu ƙananan sinadarai dangin furotin, masu kama da dafin gizo-gizo, waɗanda ke hana ƙofofin jijiyar jin zafi rufuwa. Shakkar da Haberlandt ya yi shekara 134 kafin nan ta sami abin jingina.

7.0 Urtika da karara

Tun da da karara muka buɗe magana, wajibi ne mu rarrabe. Karara, wadda masana ke kira Mucuna pruriens, dangin wake ce, ba ta haɗa dangi da urtika ba. Gashinta a jikin kwanso ya fi yawa, yakan tsinke ya maƙale a fata, kuma ƙaiƙayi yake sawa fiye da ƙuna. A 1955 Shelley da Arthur a Amurka suka gano cewa wani furotin ne ke haddasa shi, suka raɗa masa suna mukunain. 'Yar dangin urtika da ake samu a wurare masu laima da inuwa a Afirka ta Yamma ita ce Laportea aestuans. Mai fassara ko mai koyarwa da ya kira urtika karara don kawai dukansu suna sa susa, ya maimaita kuskuren tsamin tururuwa ke nan, watau hukunci da kama, alhali kama da wane ba ta wane.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, bayanin Hooke ya ɗore shekara fiye da 350 saboda ya sa idonsa da yatsansa a kan gashin kansa, kuma duk mai madubi yana iya sake dubawa. Bayanin tsamin tururuwa kuwa ya ɗore ne saboda sauƙin faɗa da daɗin ji, bai kuwa kau ba sai da aka koma kan gashin da sababbin hanyoyin gwaji. Har gobe ana cin karo da shi a wasu littattafai. Shawararmu ga malamai 'yan'uwanmu, musamman masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa, ita ce, kafin mu shigar da kowane bayani cikin harshenmu mu tambayi wa ya gwada, a kan me, kuma a wace shekara. Kuskuren da ya shiga littafin farko na wani fanni a cikin harshe yana da wuyar fita, domin daga gare shi na baya za su kwafa.