Neon goby

Neon goby, wanda sunansa na kimiyya shi ne Elacatinus oceanops, ƙaramin kifi ne na ruwan gishiri da ke rayuwa a duwatsun murjani na yammacin Tekun Atilantika, kamar waɗanda ke gaɓar Florida ta Amurka. Masanin kifaye David Starr Jordan ne ya fara bayyana shi a shekarar 1904. Tsawonsa ba ya wuce santimita 5. Jikinsa baƙi ne, da shuɗin layi mai sheƙi daga ido zuwa wutsiya.

Aikin tsabtacewa

A cikin teku, kifin yakan zauna a kan murjani guda, manyan kifaye su zo su tsaya cik, shi kuma ya tsince musu ƙananan ƙwari masu shan jini da matacciyar fata. Har cikin bakinsu yake shiga ba tare da an haɗiye shi ba.

Kiwo a hannun mutane

Yana cikin kifayen teku da ake iya hayayyafa su a tanki. Macen tana manna ƙwai a cikin rami ko guntun bututu, namijin ya tsare su har su ƙyanƙyashe cikin kusan mako guda. Ana fara ciyar da ƴaƴan da ƙananan halittun ruwa da ake kira rotifa. Kamfanin ORA da ke Florida na daga cikin masu kiwonsa domin sayarwa.

Wanda aka haifa a tanki ya saba da abincin da ake sayarwa, saɓanin Labroides dimidiatus da ake kamowa daga teku, wanda sau da yawa yunwa ke kashe shi a tanki. Kamo masu tsabtacewa kuma yana barin kifayen murjani da nauyin ƙwari.

Kulawa

Ana riƙe zafin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyas. Ba ya cin murjani, amma dole a ciyar da shi kullum, domin ƙwarin da ke tanki ba sa isarsa. Ana ajiye ɗaya ko mace da namiji, saboda yana faɗa da ƴan'uwansa a ƙaramin wuri.

Ba ya warkar da cutar fararen ɗigo da Cryptocaryon irritans ke jawowa, domin ƙwayar tana shigewa ƙarƙashin fata. Shi ma yana iya kamuwa da ita, shi ya sa ake keɓe sabon kifi kafin a haɗa shi da sauran.