Asalin Karatun Dogon Hutu

A ƙasar Amurka makarantu kan tashi dogon hutu lokacin zafi, watau daga wajen watan Yuni zuwa Agusta. A zamanin da, ɗakunan karatu na jami'o'i sai su zauna wayam har hutun ya ƙare. Malaman ƙananan makarantu kuwa da yawansu ba su yi zurfi cikin ilmi ba, ga shi ba su da ikon barin aiki su koma karatu, don da albashin nan suke ci da kansu.

Cikin shekarar 1871 wani masanin tsire-tsire, Asa Gray, ya tara ɗalibai a Jami'ar Harvard lokacin hutu, ya karantar da su. Cikin 1873 kuma abokin aikinsa, Louis Agassiz, ya buɗe makarantar hutu a wani ɗan tsibiri da ake kira Penikese. Malaman makaranta maza da mata suka taru can suna nazarin halittun teku. Agassiz ya mutu a ƙarshen shekaran nan, makarantar ba ta daɗe bayansa ba, amma dabarar ta riga ta bazu.

Sai dai da sauran rina a kaba. Malami ya sha karatu ya koma gida da ilmi, amma galibi ba a lissafa masa wahalarsa wajen ba da digiri. Babban wanda ya gyara wannan al'amari shi ne William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Shikago, wadda aka buɗe cikin 1892. Ya kasa shekara kashi huɗu, ya sa karatun lokacin zafi ya yi daidai da na sauran kashi ukun. Duk darasin da mutum ya ci jarrabawarsa sai a rubuta masa, bana kaɗan, baɗi kaɗan, kamar mai tara hatsi a rumbu, har ya cika abin da ake bukata. Jami'ar Columbia ta birnin New York ita ma ta fara nata karatun hutu cikin 1900.

Sannu a hankali al'adan nan ta ƙetare teku. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1962, ita ma daga baya ta buɗe wa malaman makaranta ƙofa lokacin dogon hutu. Ta haka magidanci mai iyali ya sami hanyar ƙara ilmi ba tare da ya saki aikinsa ba. Da ma Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi.