Ƙudurin Abubakar Imam na 1953 da Tushen Hulɗar Nijeriya da Saudiyya: Waiwaye Daga Jarwal

Gabatarwa

Galibi akan faro tarihin hulɗar Nijeriya da ƙasashen waje ne daga ranar 1 ga Oktoba, 1960. Wannan maƙala na nuna cewa hulɗa da Saudiyya ta girmi 'yancin kai, kuma matsalar alhazai ce ta haife ta, ta bakin wani ɗan majalisa, Malam Abubakar Imam (1911–1981).

Jarwal da Mutanenta

Jarwal na daga cikin unguwannin Makka da mutanen Afirka ta Yamma suka daɗe da zama a cikinsu, waɗanda Larabawa ke kira Takari. Adadinsu ya ƙaru bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903, lokacin da jama'a masu yawa suka yi hijira zuwa gabas. Hanyar ƙasa takan bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin matafiyi kan tsaya ƙwadago a Sudan ya tara guzuri. Da yawa sun isa Makka babu kuɗin komowa, babu takardar shaida, suka zauna suka hayayyafa. A bisa doka, waɗanda suka fito daga Nijeriya suna ƙarƙashin kariyar Ingila ne. Sai dai jakadun Ingila a Jidda suke zaune, kuma wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Mai alhakin kare mutanen Jarwal bai da ikon taka unguwarsu.

Ƙuduri a Majalisar Wakilai

Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko, ya shiga Majalisar Wakilai ta Ikko a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson na 1951. A 1953 ya gabatar da ƙudurin neman a buɗe wa Nijeriya ofishin kula da alhazai a Jidda. A lokacin, harkokin waje na hannun Turawan mulki, ba hurumin 'yan ƙasa ba ne. Hikimar ƙudurin ita ce bai nemi ofishin jakadanci ba, jin daɗin alhazai kawai ya ambata, abin da ke da wuyar musantawa. Majalisa ta amince. Imam ya yi aikin hajji a wannan shekara, ya dawo da rahoto da shawarwari. A 1955 Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya je da kansa ya ga halin da alhazai ke ciki.

Rikicin Suwez da Takunkumi

Amfanin wannan hangen nesa ya bayyana a Nuwamban 1956. Sakamakon harin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar, Saudiyya ta yanke hulɗar jakadanci da Ingila da Faransa, ta kuma sa musu takunkumin sayar da man fetur. Ba a maido da hulɗa da Ingila ba sai 1963. Rikicin da mazauna Jarwal ba su da hannu a cikinsa ya kawar musu da ɗan abin da ya rage na inuwar hukuma. Cikin wannan yanayi ne aka tura Malam Abubakar Gumi Jidda a 1957 a matsayin jami'in alhazai, Musulmi mai jin Larabci da Hausa, wanda ƙofar Makka ke buɗe gare shi.

Kammalawa

Bayan 1960 Nijeriya ta buɗe ofishin jakadancinta a Jidda, kuma a 1962 Sardauna na cikin waɗanda suka assasa Rabiɗatul Alamil Islami a Makka. Waɗannan manyan matakai sun tsiro ne daga buƙatar talakan da ya taka sayyadarsa zuwa Hijaz. Tarihin ya kuma nuna cewa idan hukumomi suka yanke hulɗa, baƙon da ba shi da wakili shi ne kan fara ɗanɗana kuɗarsa.